Tsuntsun Kusurwar Allo

Duk allon shagon da ka gani a layin kasuwar nan da ɗan tsuntsu a kusurwar ƙasa, aikin Mai Tsuntsu ne. Tun yana saurayi yake rubuta allunan talla da buroshi, na teloli da masu aski da masu gyaran waya, kuma ba ya sakin allo sai ya ɗiga masa wannan tsuntsun. Mutum ne mai ji da hannunsa. Ko da injin buga rubutu ya shigo ya kwashe rabin kasuwar, taɓe baki ya yi, ya ce rubutun da ba ya warin fenti ai ba rubutu ba ne.

Sai ga shi hannun ya fara rawa. Da fari ya ɗora wa shayi laifi, daga baya ya ɗora wa buroshi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ya koma kai alluna gida, wai hayaƙin motoci yana ɓata masa fenti. A tsakar gida kuwa matarsa ce ke rubutun. Shekara da shekaru tana wanke masa buroshi da kananzir tana kallon yadda yake jan harafi, ashe hannunta ya ɗauka. Shi nasa kawai ya dafe wuyan hannu ya sa tsuntsu, ya fita da allon ya karɓi yabo. Kunya tana cinsa, amma ko sannu bai taɓa ce mata ba, don a ganinsa yin sannun ma amsa laifi ne.

Mai gidan burodi ne ya kawo ƙarshen ɓoyon. Ya gina sabon shago, yana son sunan a jikin bango da manyan haruffa, bango kuwa ba ya ɗaukuwa zuwa gida. Mai Tsuntsu ya yi ta hanya-hanya, yau siminti bai bushe ba, gobe fentin kasuwa jabu ne, har uzuri ya ƙare masa.

Ran da ya hau tsani, 'yan layi suka taru kallo. Ya ja layi da zare da alli, ya tsoma buroshi, harafin farko ya fito kamar sawun tsutsa. Ya goge ya sake, fenti ya gangaro bango. Mai burodi, wai don ya ƙarfafa masa gwiwa, ya ɗaga murya.

"Kwantar da hankalinka, Baba. Ai aikinka na 'yan shekarun nan ya fi duk na baya kyau. Shi ya sa na nace sai kai."

Da ƙasa za ta tsage, da Mai Tsuntsu ya shige. Daidai nan matarsa ta iso da kwanon abincinsa, ta ji komai, ta sunkuyar da kai kamar ita ce ta yi abin kunyar. Ya sauko a hankali, ya miƙa mata buroshin ba tare da ya kalli kowa ba.

"Ga mai aikin nan," ya ce.

Ta karɓa, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta hau. Masu shirin dariya suka haɗiye dariyarsu, don haruffa sai zama suke yi daram ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ƙasa riƙe da tsani, zufa na bin ƙeyarsa. Da ta gama ta sauko, ta bar kusurwar ƙasa fili kamar yadda ta saba, ta miƙo masa ƙaramin buroshi da hannu biyu.

"Malam, saura tsuntsunka."

Ba gatse ba ne, da gaske take, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya karɓa, ya haɗa da nata, ya tsuguna gaban gwangwanin kananzir a gaban mutane ya fara wankewa. Har yau bangon gidan burodin ba shi da tsuntsu.