Shekarar da Aka Ce Ma'aikaci Ɗaya Ya Isa

Mu uku ne a ofishin Alhaji lokacin da aka zaɓe shi mataimakin magajin gari a wata meri, wato ƙaramar hukuma, ta Garwa. Akwai Madam, mutuniyar Pitowa, wadda ta daɗe tana buga takardu a ginin. Akwai Baba direba. Sai ni, da Alhaji ya ɗauko daga unguwarmu saboda ina jin Faransanci da Fulatanci. Shi Alhaji dillalin shanu ne, mahauta da 'yan kasuwa suka tsaya masa har ya ci. Aikina in tarbi jama'a, in ji kukansu, in faɗa masa da Hausa, Madam kuma ta mayar da maganar takarda.

Da farko aiki na tafiya. Mai neman takardar haihuwa, mai rigimar rumfa, masu ɗaurin auren meri, ba wanda yake komawa gida hannu biyu.

Daga baya kansiloli suka zauna kan kasafin kuɗi, bije kamar yadda muke cewa. Kuɗin gwamnati da ake jira daga Yawunde bai iso ba, harajin kasuwa kuma ya ja baya. Aka yanke cewa kowane mataimaki ma'aikaci ɗaya zai riƙe, motar ofis kuma a mayar da ita gareji.

Baba bai jira an kira shi ba. Ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce, "Alhaji, a yafe ni," ya koma gonarsa ta auduga.

Saura ni da Madam. Alhaji ya daɗe yana kauce wa maganar, in ya shigo ko ido ba ya haɗawa da mu. Ranar da ya kira mu, carbinsa kawai yake kallo.

"Madam," ya ce, "ba ki yi mini laifin komai ba. Amma in na sallami ɗan unguwa, da wane ido zan shiga masallacinmu?"

"Na gane, Alhaji," ta ce. "Ba sai ka ƙara ba."

Kafin ta tafi ta zaunar da ni gaban kwamfuta tana koya mini, tana gyara mini yatsu, ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

A daminar wannan shekarar kogin Binuwai ya cika, ruwa ya shiga gidajen bakin kogi. Mutane suka yi ta zuwa da takardu jiƙaƙƙu, layi har bakin titi, ni kaɗai: in saurara, in fassara, in buga. Wata tsohuwa ta yi ta sintiri saboda takardar haihuwar jikarta mai shirin jarabawa. Na yi iya ƙoƙarina, amma kafin takardar ta fito an rufe rajista. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta karɓa, ta naɗe a bakin zane, ta ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Alhaji yakan hau babur ɗin haya ya je duba ɓarnar ruwa, ya dawo da laka a babbar riga, ba shi da abin ba kowa sai haƙuri. Sannu a hankali ya rage zuwa ofis. Da zaɓe ya zagayo bai sake tsayawa ba. Sabon mataimaki ya zo da nasa mutumin, ni kuma na koma shagon kawuna a unguwar Pumpumre.

Can nake aka kawo mini labarin rasuwar Madam, bayan an riga an binne ta. Na je na faɗa wa Alhaji, muka shiga motar Pitowa tare. A ƙofar gidanta, babban ɗanta ya tarbe mu, bai san mu ba, ya tambaya daga ina baƙi suke.

Alhaji ya ce, "Daga Garwa. Mun yi aiki tare da mahaifiyarka."

Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar dalbejiya, muka zauna cikin sauran masu gaisuwa.