Malamar da Ta Raba Allo Gida Biyu

Tun mai gadi bai gama share bakin ƙofar makaranta ba take isowa. Jaka a kafaɗa, tabarau a kan hanci, ga takalmin nan nata mai ƙwas-ƙwas wanda ko daga bayan gini ka jiyo shi sai ka gyara zama. Ta shiga aji, ta buɗe tagogi, ta goge allo da kanta. Sannan ta ɗauki alli ta ja layi guda daga sama har ƙasa, ta raba allon gida biyu: dama na Turanci, hagu na Hausa. Haka take yi kowace safiya fiye da shekara talatin, har makon jiya da ta ajiye allin.

Malamar Turanci ce a makarantar sakandare. Mu ɗalibanta kuwa Malama Sake-faɗi muke ce mata, don kalmar ba ta barin bakinta. Wata rana wani ɗan ajinmu ya makara, ya tsaya bakin ƙofa yana jan hanci.

"Malama, a yi haƙuri, na kama mura."

"Ka kama ta? Sannu jarumi! To riƙe ta da kyau, kar ta kuɓuce ta shiga 'yan'uwanka."

Aji ya ɗauki dariya. Ta dube shi ta saman tabarau. "Sake faɗi."

"Mura ta kama ni."

"Yawwa, yanzu na ji tausayinka. Allah ya sawwaƙe, wuce ka zauna."

Nan take ta juya ga allo. A dama ta rubuta yadda Bature yake kama mura, a hagu yadda mura take kama Bahaushe. Ta ce harsunan nan maƙwabta ne, suna aron gishiri da wuta, amma kowa da ƙofar gidansa. Aron kalma bai taɓa damunta ba. Mota, asibiti, tebur, duk ta ce sun zama 'yan gida. Abin da take yaƙi da shi shi ne a ɗauko ƙashin jimlar Turanci a lulluɓe shi da fatar Hausa. In ka ce ka "biya hankali", sai ta tambaye ka wa ya karɓa. In ka rubuta cewa wane ya "faɗa cikin soyayya", sai ta rubuta a gefe da jan biro: "Bai karye ba dai ko?"

Darasin da ya fi ba mu wuya shi ne na e da a'a. Sai ta tsaya a kanka ta ce, "Ba ka yi aikin gida ba?" Kai kuma da Turanci ya fara shiga kanka sai ka sunkuyar da kai ka ce, "A'a." Ta tafa hannu. "Madalla! Ashe ka yi. Kawo in gani." Gumi ya keto maka. Sai ta yi bayani: shi Bahaushe, wanda ya yi tambayar yake ba amsa. In bai yi ba, cewa zai yi, "E, gaskiyarki, ban yi ba." In ya ce a'a, ya ƙaryata ki ne, wato ya yi. Bature kuwa a'a ɗinsa a nan na nufin bai yi ba. Kalma ɗaya, fuska biyu. Takan rufe da cewa, "In kuna shakka, ku bar tambaya da 'ba'. Ku ce: ka yi ko ba ka yi ba?"

Ba kowa ya gode mata ba. Hedimastan wancan lokaci ya sha kiran ta ofis.

"Malama, Turanci aka ɗauke ki ki koyar. Me Hausa take yi a rabin allonki?"

"Ranka ya daɗe, gadin Turancin take yi. Yaron da bai san iyakar gonarsu ba, gonar maƙwabci zai nome, ya bar tasu ciyawa ta cinye."

Sakamakon jarrabawa ne ya raba gardamar, don 'yan ajinta sun fi kowa cin Turanci. Aka ƙyale ta da layinta, amma ba wanda ya kwaikwaye ta.

Nan ne raina yake ɓaci. Ku buɗe rediyo ku ji. Ku duba allunan talla a bakin titi, ku karanta saƙonnin da muke tura wa juna a waya. "Ɗauki lokacinka." "A ƙarshen rana." "Ka ɗauki ƙwaya biyu bayan abinci", kamar magani kaya ne da za a ɗora a ka. Mu da muka yi karatu ne kan gaba a wannan ɓarna, kuma da an yi magana sai mu ɗaga kafaɗa mu ce, "Ai an gane." Wa ya gane? Kai da abokinka da kuka zauna benci ɗaya kun gane. Gyatumarka fa? Wannan "ai an gane" lalaci ne ya sa babbar riga. Garin neman gira muna shirin rasa ido.

Malama tana jin duk wannan, kuma yana cin ta. Ana saura 'yan kwanaki ta yi ritaya, ta ce wa abokan aikinta a ɗakin malamai, "Ni dai na yi ta ɗiban ruwa da kwando. Yaran da na koyar su ne yau suke karanta labarai da wannan Hausar. Wahalar banza na yi." Ta faɗa tana murmushi, amma waɗanda suke wurin sun ce idonta ya kawo ruwa. Da wannan tunani take shirin komawa gida.

Ranar bikin sallamarta aka jera kujeru a zauren taron makaranta, aka yi jawaban da aka saba. Can sai wata tsohuwar ɗalibarta, wadda yanzu nas ce a wani asibiti, ta miƙe riƙe da hannun wani dattijo, tela, ta nemi a ba ta dama.

Ta ce bara aka kwantar da wannan dattijo za a yi masa tiyata. Ƙa'ida ce wanda za a yi wa allurar barci ya zo da ciki wayam, don in da abinci a ciki yana iya yin amai yana barci, ya sarƙe shi, ya gangara huhu. Da safe, an riga an kawo gadon da za a tura shi a kai, ta tambaye shi, "Baba, ba ka ci komai ba tun jiya ko?" Ya ce, "A'a." A wurin da ake yini ana aiki da Turanci, wannan a'a tamkar an ce a tura gado ne. Har an kama hanyar ɗakin tiyata, sai ta ji kamar ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a bayanta. Ta dafa gadon ta tsayar.

"Baba, sake faɗi. Ka ci ko ba ka ci ba?"

A nan dattijon ya karɓe zancen daga bakinta, ya fuskanci jama'a. "Na ce mata, 'Yata, ai na gaya miki a'a. Na ci mana! Mai ɗakina ta kawo shayi da burodi da sassafe, ta tsaya a kaina. In ƙi ci ta ce na raina ta? Tsakanin wuƙar likita da bakin matar nan, ai na san wanda ya fi kaifi."

Zaure ya kaure da dariya. Nas ɗin ta ce aka ɗage aikin zuwa washegari, aka yi lafiya, aka tashi lafiya. Dattijon ya buɗe leda ya fito da riga da zane da ya ɗinka da hannunsa, ya russuna ya miƙa. "Malama, ban taɓa zama ajinki ba, amma an ce a allonki aka rubuta sauran kwanana. Allah ya saka miki." Malama ta cire tabarau ta kasa mayarwa. Ta karɓi kayan da hannu biyu.

Malama, ke ce katanga mai ƙofa. Ke ce kika ba mu Turanci ba tare da kin karɓe mana Hausa a madadinsa ba. Ba ki hana mu shiga gidan maƙwabci ba, hanyar komawa gida kika nuna mana. Kin ce da kwando kika ɗebi ruwa. To ga mutum nan yana tafiya da ƙafarsa, jikokinsa suna hawa bayansa, da ɗigon da ya maƙale a kwandon. Wannan wanda muka sani ke nan. Sauran Allah ya san su, kuma shi ne mai biya. Mun gode, mun gode. Allah ya sa hutu ne mai albarka, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Saura mu. Malamin da zai gaji ajin nan, alli na nan a kan tebur, ja layin. Mai karanta labarai, mai rubuta talla, mai ba da magani ta taga, kafin ka saki jimla ka tambayi kanka ko kakarka za ta gane ta. In ba za ta gane ba, sake faɗi.

Wanda kuma ya zo ya tambaye mu, "Ashe dai Malama ba ta yi wahalar banza ba?", amsarmu ɗaya ce, kuma daga hagun allo muka ɗauko ta: E.