Icen da Eleuterio Ke Saiti da Shi

A garinmu na bakin tekun Sonora, masunci ba ya faɗa wa kowa wurin kifinsa. Daga kan ruwa yake duban tudu: in abu kaza ya hau kan abu kaza, ya iso. Eleuterio Bacasegua ya fi kowa riƙon wannan sirri. Shekara arba'in muna fita kwalekwale ɗaya, ni na riƙe ɗansa Nabor ranar baftisma, amma ko ni sai dai in ji ya kashe inji.

Akwai wuri ɗaya da ba na kifi ba. Nabor nitso yake yi, yana ciro katantanwar teku. Wata safiya bai taso ba, ba a kuma same shi ba. Uban ya ɗaga kai ya riƙe alama biyu: tsinin tsibiri a bakin giɓin dutse, sai dogon kardon, icen nan mai ƙaya da ke kan tudu, daidai kan gicciyen coci. Inda biyun suka haɗu, nan ne. Duk ɗaya ga Yuni, ranar tunawa da waɗanda teku ta riƙe, can muke kai Chayo, matar Eleuterio, da bokitin furanni.

Na sha tsokanarsa. "Kompadre, aminina, kowa ya sa wurarensa a na'ura. Saura kai da jakin Don Chema."

"Na'ura da batir take ci," in ji shi. "Kardon ɗin nan ya girmi kakanka, ya kuma fi shi tafiya a miƙe ranar Asabar in an sha giya."

Sai mutanen kamfani masu fararen huluna suka zo. Suka tara mu a makaranta, suka nuna hoton tashar da suke son ginawa, inda za a sanyaya iskar gas ta zama ruwa, manyan jirage su kwashe zuwa ƙetare. Wasu suka yi maganar aikin yi, wasu ta kifi. Eleuterio ya ce, "Tudun fa?"

"Shawara ce tukuna, Don Eleuterio," in ji injiniyansu, yaron kirki. "Awo kawai za mu yi."

Awo yana son hanya. Katafila ta yi kwana biyu a kan tudun.

Da Yuni ya kama, muka fita. Ya daidaita tsibiri da giɓin, ya waiwaya wajen coci. Ya daɗe yana dubawa. Ga gicciye, babu kardon.

"Tsoho, mun iso?" in ji Chayo.

"Saura kaɗan."

Sau uku tana tambaya. Ya rage wuta, ya riƙe alamar da ta rage masa, ya miƙe a kanta.

"Riƙa sakin furannin ɗaya-ɗaya," ya ce wa Chayo. "Ta kansa dai za mu bi."

Furannin suka jeru a bayanmu har bokitin ya ƙare. Bai kashe inji ba.

Tashar kuwa, an ce har yanzu tana kan takarda.