Lasisin Gwanjo na Mama Rifkatu

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da masu sayar da tsofaffin kaya suka cika mana ofishinmu na harkar lasisi a Zuru ba. Wata Talata ce cikin damina. Ina matakin albashi na bakwai a lokacin, saura wata guda a duba batun ƙarin girmata.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, doka ta ce ba wanda zai tsaya a bainar jama'a ya kaɗa ƙararrawa ya sayar da kayan kotu ko na gwamnati ga wanda ya fi tayi, sai mai lasisi. Mai neman lasisin zai kawo shaidar shekaru, takardar gama sakandare, shaidar cewa kotu ba ta taɓa kama shi da zamba ba, takardar haraji, adireshin wurin sana'a tsayayye, da mutum biyu masu tsaya masa. Mu namu tattara takardu ne da ganawa da mutum, sannan mu aika Birnin Kebbi. Dillalan gidaje da filaye kuwa hanyarsu daban ce, ta fi wannan tsawo.

Umarni ya zo da Turanci cewa a sanar da masu wannan sana'a su sabunta lasisi. Shugaban sashenmu, Malam Bawa, ya miƙo mini takardar ya ce, "Kai da ka taɓa aiki a gidan rediyo, mayar mana da ita Hausa." Na ji daɗi ƙwarai. Na rubuta: "Duk mai sana'ar gwanjo ya zo ofis ranar Talata da takardunsa, in ba haka ba doka za ta hau kansa." Mota mai lasifika ta zagaya kasuwa da ita. Ban tsaya na tuna cewa a bakin mutanen kasuwa, gwanjo na nufin tsofaffin riguna da takalma ba.

Masu gwanjon da muke nufi, a duk yankin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Amma da na iso ofis, layi ya kai bakin titi. Wasu daga Mahuta, wasu tun daga Kanya, kowa da dilar kaya a ka don a ga shaida.

Malam Bawa ya leƙa ta taga, ya juyo ya dube ni. "Istifanus, wannan ce Hausar rediyon?"

"Yallaɓai, kalmar daidai take a ƙamus."

"To ɗauki ƙamus ɗin ka fita ka karanta musu. In ka dawo, takardar tuhuma na jiranka."

Takardar tuhuma a fayil, wata guda kafin zaman ƙarin girma, ta isa ta mayar da mutum baya shekara uku.

Na fita na yi bayani. Aka yi mini tsiya iri-iri, wani ya ce in biya shi kuɗin mota, amma kafin azahar an watse. Mutum ɗaya ta rage a kan benci: Mama Rifkatu, matar wani soja da ya rasu, mai rumfar rigunan yara kusa da tasha.

"Mama, ba da ku ake ba."

"Ɗana, kai ka kira, ni na zo. Na rufe rumfa tun safe. Karanta mini abin da ake so."

Na karanta don ta haƙura. Sai ta kwance wata leda. Takardar sakandare, ga ta. Ta haraji, ga ta, a jere shekara bayan shekara. Rantsuwar kotu kan shekarunta da halinta, tana da su tun lokacin bin haƙƙin mijinta. Masu tsaya mata kuwa, ta ce limamin cocinsu da Alhajin da ke ba ta hayar rumfa, in ina so yanzu ta kira su.

Na kai wa Malam Bawa. Ya juya takardun gaba da baya.

"Akwai inda aka ce ban da mai sayar da wandon yara?" in ji ta daga bakin ƙofa.

Babu. Sai ya ce ai saura ganawa, dole a ga ko ta iya kiran tayi. Ya ɗauki laimarsa ya ba ta, ya tara mu shida a matsayin masu saye.

Ta buɗe laimar ta ɗaga sama. "Jama'a, ga laimar manya! Ruwa bai taɓa ta ba, mai ita daga mota sai ofis. Wa zai fara?" Direba ya taya, mai buga takardu ta ƙara. Ta dubi Malam Bawa. "Oga, za ka bari direbanka ya tafi da ita, kai ka jiƙe a gaban ma'aikata?" Kafin mu ankara, Malam Bawa ya ɗaga hannu sau uku. Ta buga cokali a jikin kofi ta ce an sayar masa. Da ya gane ya sayi laimarsa da kansa, ya zauna yana dariya har da hawaye.

Fayil huɗu muka aika Birnin Kebbi: nata da na ainihin masu kaɗa ƙararrawa su uku. Uku aka dawo da su don ba su cika ba. Ɗaya ma takardar makarantar ƙanensa ya saka. Na Mama Rifkatu kaɗai ya wuce. Malam Bawa ya yage takardar tuhumar, ya ce a rubuta cewa sanarwata ta "faɗaɗa wayar da kai".

Na samu ƙarin girmar. Da aka tashi sayar da tsofaffin kayan ofis, ita ta kaɗa ƙararrawa, kuma da ta zo kan kujerata sai ta ce, "Wannan sabuwa ce fil, mai ita ya fi tsayuwa yana bayani."

Abin da na koya biyu ne. Takardu ake dubawa, ba dilar da ke kan mutum ba. Sannan tun daga ranar, ba na sakin sanarwa sai na kai ta rumfar Mama Rifkatu na karanta, na tambaye ta wa take jin zai zo.