Esin Ɗakin Baba

A bazarar farko bayan da sojoji suka koma bariki, esin da ke sanyaya ɗakin mahaifina ya mutu. Fastocin 'yan takara ba su gama ɓarewa daga bangon gidanmu na Fagge ba, mutane kuma ba su daina cewa yanzu komai zai yi sauƙi ba. Ni dai ban ga abin da ya yi sauƙi ba. Wuta takan zo da ƙarfin da zai fasa ƙwan fitila, ko kuma ta zo tana lumshe ido kamar mai jin barci, kuma a irin wannan zuwan ne wata azahar na'urar ta yi gurnani, ta saki ƙaurin waya, ta yi shiru.

Esin irin na da ne, wanda ake fasa bango a cusa shi, fuskarsa a ɗaki, ƙeyarsa a lungu. Baba ya saye shi tun ina goye, zamanin da yake da shaguna a Kantin Kwari ana sauke masa dilolin atamfa kai tsaye daga masaƙa. Ƙararsa ta isa ta hana baƙo barci, amma mu da muka tashi da ita ba ma jin ta sai ta tsaya. Kafin wannan bazara masaƙun sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, shagunan sun tafi, saura rumfa guda da ƙanina yake zama a ciki yana korar ƙuda. Baba bai taɓa cewa ya karye ba. Babbar rigarsa kullum a goge take, kuma duk wanda ya tambaye shi ya kasuwa sai ya ce alhamdu lillahi.

Da lafiyarsa ƙalau da ba wanda zai damu, mutum nawa ne a Fagge suke kwana da mafici a hannu? Amma ciwon zuciya ya riga ya kama shi, ƙafafunsa sun kumbura suntum, in zafi ya tsananta numfashi yakan yi masa wuya har ya kasa kwanciya, sai dai a jingina shi da matasai. Likitan da yake duba shi ya gaya mana ƙarara cewa zafi ne babban abokin gabarsa. Ɗakin kuwa yamma yake kallo, bangon yakan sha rana tun daga azahar har magariba, in ka dafa shi sai ka janye hannu. Fankar sama iska mai zafi kawai take juyawa. Inna, mahaifiyarmu, takan jiƙa tawul ta shimfiɗa masa a ƙirji, kafin ta je kicin ta dawo ya bushe. Duk ranar da na tashi daga makarantar firamaren da nake koyarwa a Kwaciri sai na biya, in karɓi maficin daga hannunta ta samu ta yi salla. Ina fifita ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Mai gyaran esin wani Ibo ne haifaffen Sabon Gari, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Da shi aka kafa na'urar tun yana saurayi a ƙarƙashin ubangidansa, shi kuma yake zuwa duk shekara ya wanke ta ya ƙara mata gas. Baba kuwa Injiniya yake ce masa. Kirsimeti ba ta wucewa bai aiko mana da kaza mai rai ba, don ya san sai mun yanka da kanmu. Ya zo ya zare na'urar ya dudduba, sannan ya kira ni lungu inda Baba ba zai ji ba. Ya ce kwamfaresa ta ƙone, bututun ciki kuma tsatsa ta cinye, gyara zubar da kuɗi ne kawai, sai dai a sake wani. Na tambaye shi nawa, ya faɗa. Ko na hannu, irin wanda ake kira Beljiyam, ya fi ƙarfin albashina na watanni, albashin da ma ba ya zuwa a kan lokaci. Ga sitabilaiza, don ya ce in ba ita wutar nan za ta sake kashe shi, ga sabuwar waya, ga ladan aiki. Ya ce da shekarun baya ne da rabin haka ya isa, amma yanzu in ka taya abu da safe, kafin yamma ya ƙara.

A lokacin hannun maigidana ya fara buɗewa. Ya yi wa wani ɗan siyasa hidima lokacin zaɓe, da aka hau mulki sai aka fara jefo masa ƙananan kwangiloli. Da na ba shi labari bai ko bari na ƙarasa ba, ya ce gobe a je a ɗauko. Tsakani da Allah da zuciya ɗaya ya yi, yana ƙaunar Baba. Matsalar ita ce Baba ba ya karɓar ko allura daga hannun suruki. Goron salla ma in maigidana ya kawo, sai Baba ya sa an bi shi da abin da ya fi shi, turare ko yadi, ko da daga cikin nasa kayan sawa ne. Inna takan ce taurin kan Barebari ne, tun da kakanmu daga Borno ya zo, shi kuma sai ya yi murmushi. Duk da haka na gwada. Na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye, kafin na iso kan maigidana ya ɗaga hannu.

"Mu da muka fito daga zafin Borno, na Kano ne zai kashe mu?" in ji shi. "Ki ce ina gaishe shi."

Na fito raina a ɓace. Mutum yana kokawa da numfashi amma yana da ƙarfin gardama. Na tsaya a tsakar gida na ce wa Inna wannan girman kai ne ba wani abu ba, ita kuma ta ce in rage murya.

Dabarar ta Inna ce, ni dai na yi zirga-zirgar. Ta ce tun da abin a cikin akwatin ƙarfe yake, me zai hana a zare na ciki a zura wani, a mayar da tsohuwar fuskar? Na shiga tasi zuwa Bata, na taka zuwa shagon Injiniya a Sabon Gari. Na gaya masa dabarar, ya sosa ƙeya. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa yi wa Alhaji ƙarya ba. Na ce ba ƙarya zai yi ba, ya ce kawai an gyara, ai gyaran ne. Ya ce ni malamar makaranta ce, dole in fi shi iya juya magana. Amma ya yarda, ya zaga kasuwa har ya samo Beljiyam mai ƙwari wanda girmansa ya yi daidai da ramin bangon. Maigidana ya biya, muka yi alkawari cewa maganar ta mutu a tsakaninmu.

Ranar da ɗan dako ya turo esin a baro, an riga an zura shi cikin tsohon akwatin tun a shago, Baba ya sa aka zaunar da shi a bakin gado don ya ga aikin. Aka mayar da tsohuwar fuskar nan mai ruwan ƙasa da maɓallinta da ya tsage. Da aka kunna sai ga sanyin da rabonmu da irinsa tun muna yara. Baba ya ce ƙarar ta ragu, Injiniya ya ce ai ya sa mai ne, yana magana yana kallon ƙasa. Sannan suka zauna ciniki. Injiniya ya faɗi ɗan abin da muka shirya, Baba ya ce ya yi yawa, suka ja, aka yi masa ragi, ya zaro daga ƙarƙashin matashi ya biya da hannunsa. Rabon da in ga fuskarsa ta sake haka tun kafin ciwon. Ba a daɗe ba kumburin ya fara sauka, ya koma kwanciya a miƙe, har yana tsokanar ƙanina cewa tsofaffin kaya ba sa mutuwa, 'yan yanzu ne ba su san darajarsu ba.

Sai Gwaggo, yayar Baba. Tsohuwa ce da ba ta yarda a yi wa danginta alheri a kwana ba a yi godiya ba. A wurinta, kamar yadda duk muka taso muka tarar, wanda aka yi wa alheri bai isa ya gode shi kaɗai ba, sai dangi sun taya shi, in ba haka ba a ce gidan ba tarbiyya. Inna ta gaya mata ne don ta sa wa maigidana albarka daga nesa, ta kuma ja mata kunne sosai. Gwaggo ta ce ita ba yarinya ba ce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci maigidana ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba. Ya cire takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa. Gwaggo tana zaune a kan darduma ina zuba mata kunun tsamiya, na lura sai mutsu-mutsu take yi. Ta daure har aka gama gaisuwa, ta daure har ya yunƙura zai tashi. Da ta ga mutumin nan zai fita daga cikin sanyin da ya saya ba wanda ya ce masa sannu, abin ya fi ƙarfinta.

"Malam, mun ga ɗawainiya," in ji ta. "Wannan sanyi da ka saya wa ɗan'uwana, Allah ya sanyaya maka duniya da lahira."

Ba wanda ya ce amin. Maigidana ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da kayan sata. Baba ya dubi esin, ya dubi Inna da ke tsaye a ƙofa, ya dube ni. Bai tambayi kowa komai ba. Ya gyara zama, ya ja rigarsa ya rufe ƙafafunsa, ya yi wa maigidana godiya cikakkiya irin wadda ake yi wa manya, ya haɗa da iyayensa da zuriyarsa. Ban taɓa jin godiyar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Gwaggo kuwa ta koma gida zuciyarta wasai, don a ganinta ta fitar da mu kunya.

Na zaci Baba zai sa a cire esin, bai sa ba. Ya kashe shi na kwana biyu, numfashin ya sake tsananta, Inna ta kunna tana hawaye, bai hana ta ba. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Injiniya ya zo takanas ya ba da haƙuri, Baba ya ce ba komai, suka rabu a haka ba wasa ba dariya. Abin da ya canza shi ne yadda yake karɓar maigidana. Yanzu shi yake fara tambayarsa lafiya, har ya ce a kawo masa kujera. Ni kuwa na ce a raina in dai zai yi numfashi, ya yi ta fushinsa. Har yau ban ce mun yi laifi ba.

Bayan damina maigidana ya ce in ajiye aiki. Abokansa na siyasa sun fara zuwa gidanmu, ya ce bai dace a riƙa ganin matarsa a bakin titi tana jiran bas da ƙurar alli a mayafi ba, albashin ma nawa yake. Ba mugu ba ne, kuɗi ne suka sauya masa ido. Ni kuwa aikin nan shi ne abu guda da yake nawa ni kaɗai. 'Yan aji ɗaya nake koyarwa, ni nake kama musu hannu su rubuta harafin farko. Muka yi ta ja har ya rantse sai na bar aikin. Ban tayar da hankalina sosai ba, don ina da madogara. Ranar da aka zo neman aurena Baba ya kafa sharaɗi a gaban waliyyai cewa ba za a raba ni da koyarwa ba. Kuma na san halinsa. Lokacin da mijin yayata ya hana ta zuwa awo asibiti, aike ɗaya Baba ya yi masa ya zo, aka gama magana kafin shayi ya huce.

Na je da hantsi na same shi a kishingiɗe, an kawo wuta, ɗakin ya ɗauki sanyi. Na zayyana masa komai, na tuna masa sharaɗin, na ce ba abin da nake so illa ya kira shi ya yi masa magana.

"Ki koma ɗakinki ki yi haƙuri," in ji shi.

Na ce Baba, kai fa ka kafa sharaɗin nan da bakinka.

"Ni na kafa. Amma a ina zan zaunar da shi in yi masa faɗan? A ɗakin nan?" Ya juyo ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai. "Kun ɗauka don kaina nake ƙin kayan mazajenku. Bakina nake adana muku saboda irin wannan rana. Yanzu kuwa ba ni da shi."

Na yi kuka. Na ce ai ba sayen bakinsa aka yi ba, ɗa ne ya kyautata wa uba. Ya ce ya sani. Sannan ya ce in ja masa mayafi, ƙafarsa tana jin sanyi, na tashi na ja masa.

Da zangon karatu ya ƙare na sallami 'yan ajina, ban koma ba. Baba ya ƙara bazara biyu a duniya. Likita ya ce ba don ɗakin nan ba da wuya ya ga ko ɗaya, kuma na yarda da shi. Na samu wannan lokaci ina zuwa ina ganin ubana da ransa, saboda haka ba zan ce an cuce ni a cinikin ba. Amma ban ƙara tsayawa a gaban allo ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe. In na shiga gaishe shi yakan tambaye ni yara, ya tambaye ni maigida, ya tambaye ni gajiya. Har ya koma ga Allah bai ƙara ce mini ya aiki ba.