Sojan Kanada da Bai Iya Faɗan Masar Ba

Mutanen Alƙahira suna da wani irin faɗa da ban taɓa gani a Kano ba. Mutum zai tuɓe riga, ya zagi abokin faɗansa tun daga uwa har kakanni, ya zaburo kamar zai cinye shi ɗanye, alhali ido ɗaya yana kan 'yan kallo, jira yake a riƙe shi. Da an riƙe shi sai ya ƙara ƙaimi, yana ihu a sake shi. Can wani dattijo ya ce a yi wa Annabi salati, a sumbaci kan wannan, a sumbaci kan wancan, a kawo shayi, shi ke nan. Ni Badamasi, da na zo karatu na kama ɗaki a unguwar Hadayek el-Maadi, na daɗe ina ranta a na kare saboda faɗan da ko ƙwarzane ba a yi a cikinsa.

Bakri Hamad bai san wannan al'ada ba, kuma har gobe ina jin haushin cewa babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa.

Su Hausawan Gadarif ne na Sudan. Yana ƙarami uwarsa ta samu tafiya Kanada da shi daga nan Alƙahira. Ƙanwarta Awadiyya kuwa tafiyar ta ƙi ta, ta zauna tana sayar da kisra, siririyar wainar dawa ta Sudan, da miyar kuɓewa a wani lungu kusa da tashar jirgin metro ta unguwarmu. Bakri ya girma a Edmonton, yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga soja, aka tura shi fagen yaƙi a Kandahar. Yana can uwar ta rasu. Da ya ajiye kaki bai ga wanda zai koma wa a ƙasar ƙanƙara ba, sai ya tattaro a 2012 ya zo wurin innarsa, ita kaɗai ta rage masa.

Dogo ne, shiru-shiru, Hausarsa irin ta tsofaffin mata don a bakin uwarsa kawai ya koye ta. Shi ke ɗauko tukunyar gas, shi ke wanke kwanuka, kuma bai taɓa zama ya ba titi baya ba. Sau ɗaya tak ya ba ni labarin yaƙi. Suna tsaron wani shinge shi da abokinsa Gagnon, wani Bature mai yawan raha, sai wani mutum ya diro daga babur ya rugo musu yana ihu, hannunsa a cikin riga. Gagnon ya ɗaga hannu ya taka ya nufe shi don ya lallashe shi. Bakri ya farka a ƙasa jini na fita ta kunnuwansa, abin da ya fara gani takalmin Gagnon ne, da ƙafar a ciki. Sauran a leda suka tsince shi. Ya ce min tun daga ranar, wanda ya rugo masa hannu a riga, ba ya jira ya ga abin da ke ciki.

Wata rana da azahar wani direban tuktuk, wato a-daidaita-sahu, mai suna Ragab, ɗan unguwar, ya kwashi teburin Awadiyya, tukunyar miya ta kife. Ta faɗa masa magana. Shi kuma ya diro yana zage-zage, ya rugo, ya cusa hannu zai tuɓe riga kamar yadda kowane ɗan Masar ke yi. Masu shan shayi har sun miƙe za su riƙe shi. Bakri ya riga su. Ya sare shi a maƙogwaro, ya murɗe hannunsa har muka ji ƙashi ya ce ƙas, ya haɗa fuskarsa da gwiwa, ya buga kansa da dakalin titi. Ragab na kwance yana kakarin jini, haƙoransa a warwatse cikin miya. Dattawan suka tsaya hannuwa a buɗe, ba su ga wanda za su riƙe ba.

Ragab bai mutu ba, amma lungun ya juya wa Awadiyya baya. Ba mai sayen kisra, mai gida ya ce ta fara neman wani wuri, ga shi a lokacin baƙar fata baƙo ba shi da mai tsaya masa. Na ce wa Bakri ya ɗauki fasfonsa ya san inda dare ya yi masa. Ya ce idan ya tafi a jikin innarsa za su rama, ita kuwa ba ta da Kanadar da za ta gudu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'yan uwan Ragab suka shigo lungun, su uku, da adduna da kwalabe, babbansu riƙe da reza. Kowa ya san abin da suka zo yi, alama za su sa masa a fuska, ita ce ramuwarsu. Kusa da ƙafar Bakri akwai ƙarfen da ake jan ƙofar shago. Na ga ya dube shi, na ga fuskarsa ta mutu, na tabbata yau sai an ɗauki gawa uku.

Sai ya ce a hankali, “Inna, riƙe ni.”

Awadiyya 'yar tsurut ce, kanta ko kafaɗarsa bai kai ba. Ta rungumo ƙugunsa ta baya. Shi kuma ya fara fizge-fizge yana ihu da gurɓataccen Larabcinsa a sake shi, sak ɗan Masar. Babbansu ya matso ya ja masa reza daga kunne har gefen baki. Wani ya fasa masa kwalba a ka. Jini ya wanke shi har ya sauka a mayafin innarsa, yana nan yana ihu a sake shi, bai ɗaga hannu ba. Nan dattawa suka samu abin da suka iya, suka shiga tsakani suna cewa a yi wa Annabi salati, jini ya biya jini, khalas, magana ta ƙare.

Da na gama karatu a 2015 na je sallama. Teburin na nan, ciniki ya dawo, Bakri na wanke kwanuka da tabonsa, Ragab ya wuce da shanyayyen hannu ya yi sallama aka amsa. Na tsokani Awadiyya na ce ashe ƙarfi gare ta, tsohuwa ta riƙe soja. Ta ajiye ludayi ta nuna min yatsunta biyu da suka karye ranar, suka ɗoru a karkace.

“Ni na riƙe shi, ya waladi, ɗana? Tun da na ga rezar nan nake so in sake shi ya kare kansa. Shi ya danne hannuwana a cikinsa, ya ƙi bari in saki.”