Ranar da Na Saki Zuga-zugi

Mu maƙera ne kaka da kakanni. A Mawashi aka haife ni, cikin ƙasar Kusada, kuma tun ban iya ɗaure wando da kyau ba nake zaune bayan zuga-zugi ina hura wa mahaifina wuta. Ni ne ɗan fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. In ƙaramin abu ne sai ya ce "kai", in kuwa maganar mai nauyi ce sai ya aiko ƙanensa, Baffa, wanda suke ƙira a rumfa ɗaya.

Boko ta same ni ne ba da son kowa ba. A zamanin Turawa an ce kowane gari ya ba da yara a kai elemantare ta Kankiya, mai gari ya duba ya ga ɗan maƙeri ya fi sauƙin bayarwa. Daga Kankiya aka tura ni Katsina. Da aka zo neman samari masu hannu da za a koya wa gyaran injin jirgin sama a Kano, malaminmu ya nuna ni, ya ce wannan ko agogon makaranta bai bari ya huta ba. Bai yi mini ƙazafi ba. Baba ya yarda, amma da sharaɗi, kuma Baffa ne ya kawo mini shi: in je in kalli ƙirar Turawa in ƙoshi, ranar da aka ce in dawo in karɓi uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake ƙira a kansa, to, in dawo.

A lokacin jiragen fasinja masu farfela ne, suna ƙetaro hamada su sauka Kano su sha mai, wasu kuma su kwashi alhazai. Mu namu aikin a wata babbar rumfar kwano yake, inda ake kawo inji a yi masa garambawul. A kwance shi kaf, a wanke kowane ƙarfe da kananzir, a auna, a duba ko da tsaga, sannan a mayar. Na so aikin nan, so na gaske. Ranar da aka fara tayar da injin da hannuna ya taɓa, na ga jirgin ya ɗaga da mutane a ciki, sai da na koma bayan rumfa na share ido don kada abokan aiki su samu abin tsokana. Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci mini rai: ƙarfe mai kyau, ko tsatsa babu, a ce lokacinsa ya cika a jefar. A gidanmu ko ƙusa ta lanƙwashe miƙe ta ake yi.

Baturen da ke kanmu dattijo ne mai faɗa, girarsa ta hagu babu. Wata rana ya tara mu ya ɗauko bawul na hayaƙi, wato ƙarfen da ke buɗe wa hayaƙin inji ƙofa, mai faɗin kai da doguwar ƙafa kamar ludayi. Ya ce ƙafar nan rami ce, an ɗura mata wani abu mai laushi da ke kwashe zafi, kuma abin ba ya shiri da ruwa, ba ya shiri da wuta. Ya sa aka yanka ɗaya, ya ɗebo ɗan mitsitsi a bakin wuƙa ya jefa a bokiti. Ruwa ya kama da wuta a gabanmu. Sannan ya nuna girarsa, mu kuwa ba mu nemi ƙarin bayani ba.

Da kaka ta yi aka ba ni hutu, na tafi gida da tsarabata: turmin atamfa na Inna, sukari, da zarton yankan ƙarfe na Baba. Ban gama shan furar maraba ba Baffa ya ja ni gefe. Ya ce kafaɗar Baba ta fara ƙin ɗaga masaba, babbar gudumar ƙira, saboda haka wannan zuwan shi ne zuwan, ba komawa. Saura kaɗan in zauna jarrabawar da za ta ba ni ikon sa hannu cewa inji ya gyaru. Na roƙi Baffa ya nema mini ko shekara guda, ya ce ya riga ya gwada, an ce masa Bature ba shi da wani ƙarfe da ya fi ƙarfin maƙerar Mawashi. Ni kuwa na san kaina. Ina da zuciya, amma ba zan iya taɓa injin da zai ɗauki rayuka ba alhali ubana bai sa mini albarka ba.

Washegari da hantsi na cire rigar Kano na zauna a mazaunina na da, bayan zuga-zugi. Rumfa cike da manoma, kowa da laujensa ko magirbinsa yana jiran gyara. Baba ya shigo da wani buhu yana ta fara'a, abin da ba a cika gani ba. Ya gaya wa Baffa, da ƙarfi yadda zan ji, cewa ya sayo shi a kasuwar Kankiya wurin wani mai tsohon ƙarfe, wanda ya kwaso daga jujin jiragen da suka mutu tun lokacin yaƙin duniya. Ya ce yau zai ƙera kurfin sarar ƙarfe da aska da ƙarfen jirgin sama, kowa ya gani. Ya zazzage buhun. Bawul ne na hayaƙi, masu kaurin ƙafa, tuli guda.

Wanda bai tashi a maƙera ba zai ce ai sai in yi magana. A maƙera mai zuga ba ya magana, kuma ba ya tsayawa matuƙar ƙarfe na cikin wuta. Balle ɗa ya koya wa ubansa ƙarfe a gaban masu kawo gyara, wannan ko a mafarki ban taɓa jin an yi ba. Na raɗa wa Baffa cewa akwai abu a cikin ƙarfen nan, in ya ji wuta zai fashe, in ya shiga kaskon ruwa abin ya fi muni. Baffa ya isar, yana murmushi. Baba ya ce a gaya wa ɗan boko wuta ba ta cin maƙeri, shi da ya sha kama jan ƙarfe da hannu a gaban hakimi. Manoma suka yi dariya. Ya ɗauki ɗaya da awartaki ya tura cikin gawayi, ya sunkuyar da fuska kusa kamar yadda ya saba.

Na saki zuga-zugi. Duk wanda ya saba da maƙera ya san sautin nan ba ya yankewa, shi ya sa da ya yanke rumfa ta yi tsit.

"Zuga," in ji Baba, bai ko dube ni ba.

"Baba, ba ni zugawa."

Ya yi wa Baffa alama ya karɓe ni. Na rungume fatun zuga-zugin biyu na ƙi saki, na sa wani itace na turo bawul ɗin daga wuta ya faɗa cikin yashi. Wani tsoho cikin manoma ya yi salati. Baba ya ajiye awartaki a hankali, ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da rabona da gani tun ina yaro.

"Abin da Bature ya koya maka ke nan? Ka hana ubanka wuta?"

"Ka ba ni guda ɗaya, Baba. In ba abin da ya hwaru, ba ka ƙara jin Kano a bakina."

Sai da maganar ta fita na ji nauyinta. Ƙarafan nan sun shekara da shekaru a juji, kuma ba kowane bawul ake ɗura wa abin ba. Na zaɓi wanda ya fi kaurin ƙafa cikin masu sanyi, na ɗauko zarton da na kawo tsaraba na shiga yanka. Ƙarfen ya yi gardama. Gumi ya jiƙa ni, manoma suka samu abin yi, wani ya ce da laujensa na wasa da wannan ƙoƙarin da tuni ya tafi gona. Da na ci rabi, na ɗora shi a uwar maƙera na ba shi masaba, ya karye. Cikinsa na ƙyalli kamar sabon kwano, kafin in ɗaga kai ya dushe. A nan na tabbata abin nan yana ciki.

Na kama shi da awartaki muka nufi kududdufin bayan gari, da sauran ruwan damina a ciki. Na ce kowa ya ja baya, na wurga shi tsakiya. Ya nutse. Shiru. Na fara jin dariya a bayana, sai ruwan ya shiga tafasa, aka ji ƙara kamar an harba bindigar toka, wuta ruwan ɗorawa ta tashi a kan ruwa da farin hayaƙi. Agwagin unguwa suka watse, mai maganar lauje ya riga su isa gari.

Ban ji daɗi ba. Na dubi Baba yana tsaye shi kaɗai bai ja da baya ba, tsoho mai ciwon kafaɗa wanda ɗansa ya ƙaryata a gaban jama'a, sai tausayinsa ya kama ni. Na yi zaton ko hutun ma ba zan ƙarasa a gidan ba. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya juya ya tambayi Baffa su wa da wa suka sayi ƙarfen nan ran kasuwa. Baffa ya ce ya ga maƙeran Kunduru sun ɗiba, na Tafashiya ma haka. Baba ya ce a kashe wuta, masu gyara su yi haƙuri. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Kai, taso."

A ƙafa muka tafi, yana gaba ina biye da buhu. A Kunduru mun makara kaɗan. Wani maƙeri ya riga ya gwada, rufin rumfarsa ya ƙone, hannunsa ɗaure da magani, kuma gari ya ɗauka abokin sana'arsa ne ya yi masa sammu, har an daina gaisawa. Da ni kaɗai na je da ba wanda zai saurare ni. Baba ne ya zauna ya yi musu bayani, da bakinsa, har da cewa shi ma saura ƙiris da yanzu makaho ne, jagora ake yi masa. Duk inda aka tambaye shi yadda ya sani, sai ya nuna ni da haɓa ya ce yaron ga ne, aikinsu ne. Muka kwana can, muka wuce Tafashiya, muka tattara abin da ya rage, muka haƙa rami mai zurfi a kan tudu nesa da rijiya muka binne.

Daga nan na ɗauka gida za mu nufa, sai na ga ya miƙi hanyar Kankiya. Na ce a raina mai tsohon ƙarfen zai je ya ja wa kunne, kuma ya je ɗin, ya yi masa tas. Da muka fito daga kasuwa zuwa bakin titi inda motocin gyaɗa ke tsayawa, sai ga Baffa zaune a gindin wata bishiya da jaki, akwatina na kwano a gefensa. Ashe tun daga Kunduru Baba ya aika masa.

Baba yana duban titi, ba ni ba.

"Tahi ka gama koyonka," ya ce. "Maƙera, ni da Baffanka mun ishe ta. Amma ba ya yiwuwa a ce akwai ƙarhen da ba wanda ya san shi a gidanmu."

Na durƙusa a cikin ƙurar titi. Ya ɗora hannunsa mai kanta a kaina, ya ce Allah ya yi mini albarka, Allah ya sa duk wanda ya hau abin da na gyara ya sauka lafiya. Na ce amin. Baffa ne ya tsayar da mota ya miƙa akwatin sama.